Dattin da Tafasa Ba Ta Kashewa

'Yan uwa, mu a Kafanchan da kewaye hanyoyi uku muka sani na gyara ruwan sha: a jefa alam laka ta kwanta, a tafasa, ko a zuba kulorin a rijiya idan kwalara ta ɓulla. Duka suna aiki. Amma akwai dangin sinadarai da ake kira PFAS waɗanda ko a jikinsu. Tafasawa ma ƙara musu yawa take yi a tukunya, don ruwa ne ke tafiya a tururi, su kuwa su zauna.

Ana sa su a kaskon suya da abinci ba ya kamawa, da rigar ruwa, da takardar naɗe abinci mai maiƙo, da kumfar kashe gobarar fetur. In kayan sun tsufa, bola muke kai su, damina kuma ta wanke bola zuwa rafi. A kewayen garin Parkersburg na Amurka, inda kamfanin DuPont ya daɗe yana zubar da ɗaya daga cikinsu, an duba mutum kusan 69,000, aka gano alaƙarsa da kansar ƙoda da ciwon maƙoƙo da hawan jinin masu ciki.

Taurin kansu daga haɗin kabon da fulorin yake, haɗin da ba ya tsinkewa da wasa. Gawayi na musamman, ba na gasa masara ba, yana iya tace su, amma kama su kawai yake yi. Kafin a wargaza su, sai an dafa ruwan ya wuce digiri 374 cikin matsi mai tsanani tare da iskar oksijin, ko a yi ta ratsa shi da lantarki. Mu da wuta ke zuwa mana kamar baƙuwa, wannan ba aikin gobe ba ne.

Najeriya tana cikin yarjejeniyar Stockholm, wadda ta taƙaita ɗaya a 2009, ta haramta wani a 2019. Ke nan muna da bakin tambaya. A taro mai zuwa za mu kawo shawara biyu: a nemi hukuma ta gwada ruwan rijiyoyin da ke kusa da bola da na kogin da ke gangarowa Matsirga, kuma kowace unguwa ta janye jujinta daga bakin rafi kafin ruwan farko.