Abin da na ciro daga makwararin gidanmu

Wata asubar Alhamis ce cikin Janairu, hunturu ya kankama a Kano, na fito alwala na tarar da ruwan wanke-wanken jiya kwance a tsakar gida. Wani maiƙo ja-ja ya yi masa rufi, tsami ya fara tashi. Uwargida ta leƙo daga ɗaki ta ce, "Malam, yau kwana huɗu ina gaya maka ruwan nan ba ya tafiya sosai." Gaskiya ta faɗa. Makwarari ba ya toshewa dare ɗaya. Sai ya fara jan ƙafa, ya riƙa ɗan gurnani in an zuba ruwa da yawa, kana ji kana cewa gobe.

Abin da kowa zai yi shi na yi. Na sa aka tafasa ruwa tukunya guda na kwarara, na samo guntun rodi na yi ta zungura har ruwan ya zurare. Bayan kwana biyu ya dawo, ya ma fi na da. Wannan karon rodin bai taɓo komai ba, domin abin da ya toshe bakin bututun na tura shi can ciki, ƙarƙashin simintin zaure, inda hannu ba ya kaiwa.

Wani abokin aiki ya ce in sayi soda, irin wadda mata ke haɗa sabulu da ita, in zuba ta narkar da komai. Ina dawowa da ƙullin a hannu na haɗu da wani dattijo maƙwabcinmu, wanda ya shekara fiye da talatin yana aikin famfo kafin gwiwa ta zaunar da shi. Da ya ji abin da zan yi sai ya karɓi ƙullin ya ajiye a kan dakali.

"Ɗana, ka buɗe cemba kuwa?"

"A'a, Baba. Ban ma san a nan ake farawa ba."

Cemba ita ce 'yar rijiyar nan mai murfin siminti da magina ke bari a inda bututai suka haɗu ko suka yi kwana. Tamu tana bakin ƙofa, ƙasa ta rufe rabinta, shekara shida ina taka ta ban taɓa ɗaga ta ba. Muka ɓanɓare murfin. A bushe take. Dattijon ya ce to magana ta ƙare: da a cike take, da matsalar tana gaba, tsakaninta da kwatar waje, tunda ba ruwa, toshewar tana baya, tsakanin tsakar gida da nan. Cikin minti biyu ya gano abin da na kwana biyu ina lalube, kuma bai kashe ko kwabo ba.

Ya sa na nemo doguwar waya mai ƙarfi, muka lanƙwasa bakinta kamar ƙugiya. Na durƙusa na zura ta daga cemba zuwa cikin gida, yana cewa, "Murza a hankali, in ka ji ta kama, jawo. Kada ka tura." Abin da ya fara fitowa ledar fiyawata ce. Sai guntun soson buhu, sai gashi da ya nannaɗe da zaren tsumma, sai murfin kwalba. A ƙarshe wani dunƙule ya biyo, ya kai girman lemo, da tauri kamar sabulun da ya kwana biyu a rana. Na fasa shi da dutse: man ja ne da kitse, sun haɗe da toka da yashi da ƙanzo.

Na daɗe ina kallon dunƙulen nan, domin duk abin da ke cikinsa na san daga inda ya fito. Man ja yana daskarewa da zarar ya ji sanyi; duk wanda ya ga kwalbarsa da hunturu ya san sai an kai ta bakin murhu kafin ya zubo. Haka yake yi a cikin bututu. Ana wanke tukunyar miya da ruwan ɗumi, man ya tafi a narke, kafin ya yi taku biyar ya huce ya lafe a jikin roba. Sai tokar da yashin da ake dirje gindin tukunya da su su zo su manne masa. Yashi kuwa ba abin da ke narkar da shi, ba ruwan zafi ba, ba soda ba. Bututun wanke-wanke inci 2 ne kawai a yawancin gidaje, na bayan gida ne ke kai inci 4. In kuma magini bai ba shi isasshen gangare ba, ruwa ya wuce ya bar nauyin a kwance. Tafasasshen ruwan da na zuba ma ba alheri ya yi ba: man ya narkar ya kai shi gaba ya sake daskarewa, kuma zafi irin wannan yana sassauta mahaɗar bututun roba.

Batun soda ne ya fi tsaya mini a rai. Idan ta haɗu da ruwa zafi take yi sosai, tana iya tartsatsi, ɗigo ɗaya a ido kan iya makantar da mutum. Da na zuba ta a makwararin da ba ya tafiya, da nan za ta tsaya a tsakar gida, inda yara ke yawo ba takalmi, sannan wanda zai sa hannu daga baya ya ƙone. Mafi muni shi ne masu zuba asid, in bai yi aiki ba su bi shi da bilic. Haɗuwar waɗannan biyun tana fitar da iskar kulorin mai shaƙe numfashi, a banɗakin da sau da yawa ko taga ba shi da ita. Dattijon ya ƙara mini da gargaɗi ɗaya, ya kuma maimaita shi: duk abin da ya kai ga shadda ko sokawe, kada in kuskura in shiga, kada in tura yaro. Iskar da ke taruwa a ramin tana sumar da mutum kafin ya ankara, wanda ya bi shi ceto shi ma ya faɗi. Wannan aikin masu mota ne da kayan aiki.

Sinkin kicin bai ba ni wahala ba daga baya. Akwai lanƙwasa a ƙarƙashinsa da ake kwancewa da hannu. Ka tara bokiti, ka zazzage, ka mayar. Ruwan da ke zama a cikinta shi ke tare wari, don haka ba a cire ta a miƙe bututun kamar yadda wasu ke yi.

Da ruwan gidanmu ya samu hanya, na bi shi waje in ga inda ya nufa. Bai yi nisa ba. Kwatar layinmu cike take da leda da yashi, ruwan ya yi kwana ya kwanta a gindin katangar wata tsohuwa, ginin ƙasa, har ƙasan ya yi baƙi ya fara zaizayewa. Na ji kunya ƙwarai. Shekara da shekaru ruwan wankina ne ke cin katangar baiwar Allah, ba ta taɓa aiko yaro ba. A cikin kwatar kuma ga bututun ruwan shanmu ya ratsa, an ɗaure inda ya fashe da roba. Duk lokacin da aka ɗauke ruwa, ta irin wannan kafar ƙazanta ke samun shiga, mu kuma mu tara mu sha. Manya suna ba da labarin zamanin duba-gari, lokacin da ake shiga gida-gida a duba randa da makwarari. Ni ban ga abin da ya hana mu duba wa kanmu ba.

Asabar ɗin ƙarshen wata, ranar tsaftar muhalli, muka fito mu bakwai da shebur da manjagara. Abin da na dage a kai shi ne kada a tara taɓon a bakin kwata kamar yadda aka saba, domin iska da tayar mota da ruwan farko za su mayar da shi inda ya fito. Muka yi karo-karo aka kira mai kura ya kwashe, sawu biyar.

A cikin gida, uwargida ta ajiye gwangwani kusa da murhu, a nan ake juye ragowar mai, a goge tukunya da takarda kafin ta ga ruwa. Wanke-wanken toka da yashi ya koma cikin baho. A bari ya kwanta, a tsiyaye ruwan, a kai laka bola. Na sa guntun raga a bakin rariya, ƙaramar 'yata ce ke kakkaɓe ta kullum da yamma. Da Agusta ya zo aka kwana ana ruwa, na fito da tocila wajen ƙarfe uku na dare na haska cemba, na ga ruwa yana wucewa da gudu, na leƙa gindin katangar tsohuwa na ga bai tsaya ba. Wayar nan mai ƙugiya tana rataye a ƙusa cikin zaure, gida huɗu sun aro ta a daminar, duk wanda ya zo ɗauka kuwa sai na raka shi mun ɗaga murfin cembarsa tukuna.