Yadda ƙ da ɗ suka hana ni barci

1/ Jama'a, bari in ba ku labarin abin da ya same ni makon jiya. Ƙungiyar ɗaliban garinmu ta sa ni haɗa ɗan shafin rajistar tallafin karatu, wai ni ne "mai kwamfuta". Na haɗa da PHP, mutane suka cike, ina ta jin kaina.

2/ Ana gobe za a miƙa sunaye, na fitar da su a CSV na tura wa sakatare. Wajen sha ɗaya na dare ya kira: "Malam, wane ne ÆŠanladi?" Na buɗe a Excel. Ɗanladi ya koma ÆŠanladi, unguwar Baƙin Ruwa ta koma BaÆ™in Ruwa. Gabana ya faɗi, don an ce duk sunan da bai zo daidai ba, a ajiye shi gefe.

3/ Na zaci rumbun bayanan ne ya lalace. Ashe lafiyarsa ƙalau, karatun ne aka yi ba daidai ba. Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. A shi ne 65, k kuma 107. Tsarin ASCII da aka fitar a Amurka a 1963 gurbi 128 kawai gare shi, kuma babu ɓ, ɗ, ƙ, ƴ a ciki.

4/ A Unicode muka samu gurbi: ƙ ita ce 409, ɗ kuma 599. Gwada da kanka a JavaScript, ka ba String.fromCharCode lamba 409, ƙ za ta fito.

5/ Ga inda gizo ke saƙar. Bayit ɗaya ba ya wuce 255, to 409 ba ta shiga. Sai UTF-8 ya raba ƙ gida biyu: C6 da 99. Excel ɗin sakatare bai san UTF-8 ba ne, sai ya karanta da tsohon tsarin Windows-1252, kowane bayit a matsayin harafi. A can C6 shi ne Æ, 99 kuma ™. Shi ke nan, ƙ ɗaya ta haifi baƙi biyu.

6/ Wallahi da na gane haka sai da na yi dariya ni kaɗai a ɗaki. Shekara nawa ina ganin Æ™ a shafukan labarai ina cewa wayata ce.

7/ Abokin kwanana ya ce, "Kai, mayar da su k da d kawai ka kwanta." Na kusa yarda fa. To amma baƙi ba baki ba ne, ƙafa ba kafa ba ce. Kuma mutum ya zauna ya nemo ƙugiyar sunansa a waya ya rubuta daidai, sai ni in goge masa don ina jin barci? Ban iya ba.

8/ Maganin layi ɗaya ne. Ka sa bayit uku a farkon fayil ɗin, EF BB BF, abin da ake kira BOM. Da Excel ya gan su ya san UTF-8 ne. Ɗanladi ya dawo.

9/ Ban gama murna ba na lura da wata. Na yi amfani da strtoupper don sunaye su fito da manyan baƙaƙe, sai BAƙIN RUWA ya fito, ƙ na zaune ƙarama a tsakiya. Haka strlen ke cewa "ƙasa" biyar ce, don bayit yake ƙirgawa. Shi ya sa str_pad ya karkata min layukan takardar shaida. Sai da na koma mb_strtoupper da mb_strlen.

10/ Ga kuma jerawa. Sort na JavaScript ya jefa duk mai Ɗ da Ƙ can ƙasan Z, tunda lambarsu ta fi girma. localeCompare da "ha" ya dawo da su kusa da D da K.

11/ Ƙarfe uku da rabi na tura sabon fayil. Da safe sakatare ya amsa da "Madalla", ko tambayar me ya faru bai yi ba. Lakcar ƙarfe takwas kam ta wuce ni.