Idan Bene Ya Faɗo, Wa Zai Biya Diyya?

A cikin 'yan arewa mazauna Agege da ke cin abinci da sana'ar gini akwai wani dattijo wanda abokan sana'arsa suka daɗe suna yi wa kallon mai taurin kai, saboda wata ɗabi'a tasa guda ɗaya: ba ya yarda a sari ƙasa a fuloti sai takardar inshorar wannan aikin ta shigo hannunsa. Da ɗaukar kwanon kankare a ka ya soma, ya zama birkila, ya shugabanci leburori, kafin Allah ya ɗaukaka shi ya riƙa karɓar kwangila da sunansa. Saboda haka babu irin faɗuwar da bai gani da idonsa ba.

Ita wannan takarda, mai karatu, ta sha bamban da inshorar mota wadda ake sabuntawa kowace shekara. Ta aiki ɗaya ce tak. A cikinta ake rubuta inda fulotin yake, da yawan hawan da za a yi, da kuɗin kwangilar, da ranar farawa da ranar gamawa. Kamfanin inshora kuwa yana ɗaukar alkawarin cewa idan sakacin ɗan kwangila ko na ma'aikatansa ya sa wani ya ji rauni, ko ya rasa ransa, ko dukiyarsa ta lalace, shi zai biya diyya har zuwa iyakar kuɗin da aka ambata. In an gama aiki takarda ta mutu, sai fa in an ƙara mata watannin gyaran abin da ya ɓaci bayan miƙa makulli. In kuma aiki ya ja ya wuce wa'adi, kamar yadda gine-ginenmu suka saba saboda kuɗi ya yanke wa mai gida, to wajibi ne a koma a tsawaita ta, in ba haka ba a wayi gari ana aiki a hawa na uku babu mai lamuni.

Ba dattijon ne ya ƙago wannan ba. Dokar Inshora ta 2003, a sashe na 64, ta hana kowa gina abin da ya wuce hawa biyu ba tare da wannan lamuni ba, ta kuma yanka tarar naira 250,000 ko ɗaurin shekara uku, ko duka biyun, ga wanda ya saɓa. A shekarar 2025 wata sabuwar doka ta maye gurbinta, ba ta kuma sauke wa magina wannan nauyi ba. Amma doka a takarda daban, doka a bakin fuloti daban. Da yawa daga masu gini ba su taɓa jin labarinta ba, wasu kuwa sun ji sun toshe kunne.

Shi dai ba tsoron tara ne ya ɗaure shi ba. Mafi yawan leburorinsa 'yan ci-rani ne daga ƙauyukan da ke kewaye da garinsu. Ya san iyayensu, wasu ma shi ya biya musu kuɗin mota zuwa Ikko. Idan yaro ya zamo daga kan katako ya karya ƙugu, ba wani ofishi tsohuwarsa za ta nufa ba, ƙofar gidan ɗan kwangila za ta zo ta zauna. Ya sha ganin yadda ake yi a wurin wasu: a yi karo-karo a biya kuɗin asibiti na mako guda, a sa yaro a mota zuwa gida, a ce ƙaddara ce. Ƙaddara ce, babu shakka, amma ƙaddara ba ta taɓa ɗauke wa mai sakaci biyan abin da ya ɓata ba. Malaman fiƙihu tun da daɗewa sun yi magana a kan bangon da ya karkata: in an gargaɗi mai shi ya ƙi rushewa, har ya faɗa wa wani, to lamuni na kansa.

Wahalar da ya fi sha ita ce ta masu gida. Wani attajiri, ɗan kasuwar shanu, ya ba shi aikin bene mai hawa uku a wani lungu mai cunkoso, da ya ga kuɗin inshora a cikin lissafi sai ya sa alƙalami ya soke.

"Malam, wannan kuɗin ai buhunan siminti ne masu yawa," in ji shi. "Kuma caca ce. In ba abin da ya faru, sun cinye ke nan."

Dattijo ya ce, "Allah ya ja zamanin Alhaji, in ba abin da ya faru ai mun gode wa Allah. Ni abin da nake dubawa shi ne in ya faru, ni da kai wa zai tsaya gaban iyayen yaran nan?"

Maganar caca ba ta wasa ba ce, shi kansa ta taɓa hana shi barci. Abin da ya sauƙaƙa masa shi ne tsarin takaful, wanda hukumar inshora ta ƙasa, NAICOM, ta fitar wa ƙa'idoji a 2013, inda masu shiga ke zuba gudummawa a asusu ɗaya don taimakon wanda tsautsayi ya auka wa, abin da ya yi rara kuma a raba musu. Da wannan ya shawo kan Alhaji, ko da yake har aka gama aikin bai daina mita ba.

Akwai kuma wani abin da shekaru suka koya masa, wanda dillalin inshora ba kullum yake faɗa ba. Takardar da aka saba bayarwa takan cire ɓarnar da girgiza ko haƙar tushe ke yi wa ginin maƙwabci, sai in an nemi a ƙara wannan sharaɗi an kuma biya kuɗinsa. A ƙauye, inda fili ke da yalwa, wannan ba komai ba ne. A Legas kuwa, inda bango ke jingine da bango, ƙasa kuma ga ruwa a kusa, nan ne haɗarin yake. Don haka kafin a soma haƙa yakan zagaya gidajen maƙwabta tare da injiniya, a ɗauki hoton kowace tsaga da ke jikin bango, kowa ya sa hannu. Ana yi masa dariya, ana cewa ya mai da kansa alƙali.

Kada kuma a ɗauka takardar nan laya ce. Ba ta ƙara wa rodi kauri, ba ta gyara kankaren da aka cika wa yashi. Wanda aka amince masa hawa uku ya ɗora na huɗu a ɓoye, ya ba kamfani hujjar ƙin biya da hannunsa. Ranar 1 ga Nuwamba 2021 wani bene mai hawa 21 da ake ginawa a titin Gerrard da ke Ikoyi ya rufta, mutum fiye da 40 suka mutu, har da mai ginin. A Maris 2016 wani da ake ginawa a Lekki ya kashe fiye da 30. Babu diyyar da za ta dawo da ko ɗaya daga cikinsu. Amfanin da ake fata shi ne kamfanin da ya san kuɗinsa ne a kan layi ya turo injiniyansa ya duba aiki tun kafin a zuba dakin. Inda aka karɓi kuɗi aka buga hatimi ba a taɓa leƙa fuloti ba, to an sayar da takarda ce kawai.

A aikin Alhaji, damina na tsaka sai ƙasar gefen ramin tushe ta zame, bangon ɗakin wata tsohuwa Bayarabiya da ke maƙwabtaka ya tsage tun daga sama har ƙasa. Allah ya kiyaye, jikokinta suna makaranta. Dattijo ya tsai da aiki, ya tokare bangon da katako, ya sanar da kamfani a ranar, don jinkirin sanarwa ma kan zama dalilin gardama. Ya ce mata, "Iya, ki kwantar da hankalinki, za a gina miki ɗakinki." Jami'in kamfani ya zo ya auna, ya gwada tsagar da hotunan farko, ya tabbatar sabuwa ce.

Kuɗin bai fito da wuri ba. An yi ta kai takarda ana komowa, tsohuwar kuma ta ƙarasa daminar a gidan 'yarta a Mushin. Da aka biya, an cire kason farko wanda sharaɗi ya ce mai inshora ne zai ɗauka, shi kuwa dattijo ya cika shi daga ribarsa, Alhaji bai ba da ko kwabo ba. Birkiloli biyu daga cikin yaransa ne suka tayar da bangon cikin kwana tara, bayan ruwa ya ɗauke.