Alice Springs, Garin Ɗan Tsuntsun da Ke Jiran Ruwa

In kana da ƴan tsuntsayen nan masu jan baki da lemon kumatu a keji, waɗanda Turawa ke kira zebra finch saboda zanen baƙi da fari a maƙogwaron namijin irin na jakin dawa, to ya kamata ka san garinsu, ko da a takarda ne. Asalinsu tsakiyar Ostireliya, ƙasa mai jan rairayi da ƙaya, kuma babban garin yankin shi ne Alice Springs. Mutanen Arrernte, masu ƙasar tun fil'azal, suna kiran wurin Mparntwe.

Daga Adelaide a kudu tafiyar kusan kilomita 1,500 ce. Jirgin ƙasan da zai kai ka sunansa Ghan, don tunawa da Musulmi masu raƙuma daga Afganistan da kewayenta da suka riƙa yin fatauci a wannan hamada kafin layin dogo ya iso a 1929. Jikokin raƙuman nasu na nan har yau suna yawo a daji ba mai su.

Kana sauka za ka ga kogin Todd ya ratsa gari, amma yashi ne zalla, sai jefi-jefi yake kawo ruwa. Ruwan saman da garin ke samu a shekara bai cika milimita 300 ba, wato bai kai rabin na Kano ba. Abin da ya fi ƙarancin ciwo shi ne rashin tabbas. Mu mun san watan da za mu fara duban gabas. Su kuwa wata shekara a yi ambaliya, wata shekara a yi watanni ba ɗigo.

Ka yi sammako zuwa Simpsons Gap, ƙasa da kilomita 20 yamma da gari, inda dutse ya tsage biyu ya bar ɗan tafki a gindinsa. Ka zauna ka yi shiru. Kafin ka gan su za ka ji su, wani siririn kuka ta hanci kamar usur ɗin yara. Sai garke ya sauka kan ƙaya, ya yi ta leƙe, sannan su zubo bakin ruwa. Ba sa ɗaga kai bayan kowace kurɓa kamar kaza. Tsoma baki suke su zuƙa irin na tattabara, su tashi kafin shaho ya farga. Kowanne nauyinsa wajen giram 12 ne. Tun da can mutanen ƙasar sun san cewa inda garken nan ke kai-komo, ruwa na kusa. In ka ga kamar ka taɓa sanin su, ba ka yi kuskure ba: danginsu ɗaya da ɗan jan tsuntsun nan da ke shigowa tsakar gida yana tsintar tsaki a gindin turmi.

Yanzu ga abin da ya shafi kejinka. A wannan hamada tsuntsun ba ya da tsayayyen lokacin ƙwai. Ruwa yake jira. Da an yi ruwa ciyawa ta fara fitar da ɗanyen iri, sai ya hau saƙa sheƙa ba ɓata lokaci. Mace ta yi ƙwai huɗu zuwa shida, ita da mijin su kwanta a kai kusan mako biyu, ƴaƴan su bar sheƙa bayan mako uku, kafin wata uku su ma sun isa haihuwa. Fari na dawowa, kowa ya huta.

A gidanka kuwa farin ba ya zuwa. Ruwa kullum, gero kullum, sheƙa a rataye. A wurin macen damina ce da ba ta ƙarewa. Haka za ta yi ta zuba ƙwai har sinadarin ƙashinta ya ƙare, wata safiya yara su tarar da ita a ƙasan keji ta kumbura, ƙwai ya maƙale mata. Ni a ganina wannan ne babban zaluncin da masu kiwo ke yi ba da saninsu ba, suna murna wai tsuntsuwa ta yi albarka. Kada ka hana su ruwa, ba haka ake kawo musu rani ba. Bayan ƙyanƙyasa biyu, ko uku in ta matsa, cire sheƙar da duk wani zare ko busasshiyar ciyawa na wasu watanni. Ka ajiye mata dakakken ɓawon ƙwai da aka dafa. In lokacin renon ƴaƴa ya yi, jiƙa gero ya fara tsiro ka haɗa da ɗan dafaffen ƙwai, shi ne madadin ɗanyen irin nan na bayan ruwa.

Kada kuma ka sayi ɗaya tal. Tsuntsun garke ne, kuma miji da mata kan zauna tare har mutuwa ta raba. Keji mai tsawo ta gefe ya fi mai tsayi sama, domin tashinsu a miƙe yake. Zafinmu ba baƙo ba ne gare su, muddin akwai inuwa da ruwan wanka. A Alice Springs yakan haura digiri 40, a Yuni da Yuli kuma dare kan yi sanyi har raɓa ta daskare. Iskar hunturu kai tsaye ce za ka kare da zane.

Zafin nan ma suna shirya wa ƴaƴansu shi tun suna cikin ƙwai. A 2016 Mylene Mariette da Katherine Buchanan na Jami'ar Deakin suka nuna cewa in zafi ya wuce digiri 26, iyaye kan yi wa ƙwan wani kuka na musamman dab da ƙyanƙyasa, ƴaƴan da suka ji shi kuma sukan tashi da ƙaramin jiki wanda ya fi dacewa da zafi.

Sai dai kada ka sa ran dawowa da ko guda ɗaya tsaraba. Ostireliya ta haramta fitar da tsuntsayenta tun 1960, don haka na kejinka jikokin jikokin waɗanda aka fitar kafin nan ne, kuma farare tas ɗin da yara suka fi so aikin masu kiwo ne. A Simpsons Gap masu ruwan toka za ka gani.