Ruwan Koudou na biyowa ta Madekali, mu ne ba mu iya zuwa wurinsa

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa hawa mota daga Malanbil zuwa Kandi ya bi ta bakin ɗaya daga cikin manyan gandayen dajin Afirka ta Yamma, ko ya sani ko bai sani ba. Da yawa ba su sani ba. Ido yana kan buhunan albasa, hankali yana kan shingen duwan na gaba, ina wani lokacin leƙen daji? A Alfakoara, kafin a isa Kandi, akwai ƙofar shiga gandun, kusa da wani tafki da giwaye ke saukowa su sha ruwa da rani. Direbobi nawa ne suka wuce nan da gudu shekara da shekaru ba su taka birki ba?

Sunan gandun W. Harafi ɗaya tak. Can sama da mu, a cikin ƙasar Nijar, kogin Kwara ya yi lanƙwasa kan lanƙwasa har ya fitar da siffar wannan harafi na boko, sai Faransawa suka laƙaba wa dajin sunan. A 1954 aka mai da shi gandun gwamnati. Ƙasa uku ke da rabo a ciki, Benin da Nijar da Burkina Faso, kuma na Benin ya fi girma, ya haura murabba'in kilomita 5,000. UNESCO ta sa ɓangaren Nijar cikin kayan gadon duniya a 1996, a 2017 ta haɗa da sauran, har da Arli da Pendjari. Akwai giwa, zaki, ɓauna, gwanki, dorina, gwaggon biri. Inda ka ga kukoki sun yi cincirindo a tsakiyar dajin, galibi kufai ne. Mutane sun zauna nan kafin a ce daji na dabbobi ne, kuma har gobe Fulani makiyaya da manoman gefen gandun ba su daina jin ciwon wannan iyaka ba.

Abin da ya fi jan baƙi a ɓangaren Benin shi ne magangarar ruwa ta Koudou, a kan kogin Mekru. Ana faɗin sunan kamar "kudu", amma fa wurin can arewa yake, dab da iyakar Burkina. Daga Madekali sai ka fito Malanbil, ka gangara Kandi, tafiyar wajen kilomita 100, ka karya yamma zuwa Banikoara, sannan ka shiga daji ta Keremu a kan jar hanya. Kada wani ya zaci irin doguwar magangarar nan ce ta cikin fim. Kogi ne ya ci karo da duwatsu, yana faɗowa hawa-hawa, yana kumfa, sannan ya taru a gurbi mai zurfi tsakanin bangayen dutse. Da damina ruwan ya yi ƙarfi amma hanya ta lalace. Da rani hanya ta buɗe amma ruwan ya ja baya. Shi ya sa masu zuwa suka fi son farkon hunturu, wajen Disamba, lokacin da ruwa bai ƙare ba kuma ciyawa ta fara kwantawa, ana iya hango dabba daga nesa. Akwai masauki a bakin ruwan. Ba a yawo a ƙasa sai da ɗan rakiya, kuma dokar ba ta wasa ba ce, don gurbin da ya yi maka kyaun wanka yana iya zama ɗakin kada.

Duk wannan labarin da ne.

A watan Fabrairun 2022 nakiyoyin da aka binne a hanya suka kashe mutum 9 a cikin gandun, yawancinsu masu gadin daji na ƙungiyar African Parks, wadda ta karɓi kula da W ta Benin a 2020. Ranar 8 ga Janairun 2025 aka kashe sojojin Benin 28 a mahaɗar ƙasashen uku. Ranar 17 ga Afrilun 2025 aka sake kai hari a mahaɗar da kuma Koudou ɗin kanta, gwamnati ta ce soja 54 suka rasu. Ƙungiyar JNIM ta ce ita ta yi. Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan musiba.

To, 'yan'uwa, ga dalilin wannan rubutu. Hutun makaranta na zuwa, yara sun ga hotunan Koudou a waya, kuma ba a rasa wani mai babur da zai ce ya san ɓarauniyar hanya, a ba shi kuɗin mai kawai. Kada a yarda. Nakiya ba ta tambayar wane ne ya taka ta. Ban da ita ma, baƙon Bahaushe a kan babur, da galan na fetur a baya, a tsakiyar dajin da sojoji ke farautar masu kai wa 'yan bindiga kaya, wa zai tsaya ya saurari cewa yawon buɗe ido ya zo? Ko ka tsira da ranka, sunan 'yan kasuwar unguwa gaba ɗaya ka jefa cikin zargi. Dama ga halin da ake ciki tun juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, da aka toshe gadar Gaya, kaya suka koma bin kwalekwale, kowane jami'i ya ƙara zare ido.

Sai dai akwai abin da yaƙi bai tare ba. Mekru, bayan ya faɗo daga duwatsun Koudou, ya kan bi iyakar Benin da Nijar ya zuba a Kwara can sama da Karimama. Daga nan ruwan ya wuce ƙarƙashin gadar Malanbil, ya haɗu da na Sota, ya biyo ta fadamun Madekali ya shiga Najeriya ta jihar Kebbi. Wato yaron da ya tsoma hannu a kogi a nan ya taɓa ruwan Koudou. Ni a ganina wannan darasi ya fi hoto a waya.

Kuma kogin namu ba ya rasa abin kallo ga mai haƙuri. Sau biyu yake cika a shekara. Na farko a Agusta da Satumba, jan ruwa, ruwan damunar yankinmu ne da ya kwaso laka, shi ne mai cin gonakin shinkafa da gidajen bakin gaɓa. Na biyu yana zuwa cikin hunturu, ba ko ɗigon ruwan sama: damunar ƙasar Gini ce, ta yi watanni tana ratsa fadamun Mali kafin ta iso mana, ta tace, ta yi duhu. A tambayi yara, yaya kogi ke cika da rani? A bar su su yi ta gardama kafin a ba su amsa.

A fita bayan la'asar, rana ta yi sanyi. A bi kunyoyin shinkafa a ƙasa, a tsaya wurin Sarkawa suna gyaran koma, a bar yara su ƙirga balbela. In za a shiga jirgi, a duba lodinsa tukuna, wanda aka cika da buhuna har ruwa na lasar baki ba na iyali ba ne. A riƙe katin shaida, don tsallaken ruwan wata ƙasa ce. A koma gida kafin magariba.

Wanda kuma ya nace sai ya ga ruwa na faɗowa daga dutse, akwai Kota kusa da Natitingu, amma a bi ta Paraku da Jugu, a kuma tambayi 'yan'uwa mazauna can halin da hanya ke ciki kafin a tashi. Masu komawa gida Najeriya da Sallah suna da Gurara a jihar Neja, a kan hanyar Suleja zuwa Minna, ita kuwa ƙarshen damina ta fi cika.