Guzurin Mai Binciken Ciwon Daji

Bahaushe ba ya sallamar matafiyi hannu rabbana. Kakanninmu da suka biyo ayarin fatake daga Kano da Katsina da Zazzau har suka ya da zango a bakin Binuwai sun san cewa hanya tana da kuɗinta daban, ban da kuɗin hajar da aka ɗauko. Don haka muke da kalmar guzuri, kuma har yau ba mu yar da ita ba. A Garwa, idan likita ya ce wa wata baiwar Allah daji ne a mamanta, kuma sai an kai ta Duwala inda injin gashi yake, kafin la'asar an gama karo-karo a unguwa. Wani ya ba da kuɗin mota zuwa Ngaundare, wani na jirgin ƙasa, wani ya kira ɗan uwansa a Birketari ta Yawunde ya shirya masauki. Na sha sa hannu a irin wannan, na kuma sha zuwa ta'aziyya bayan wata uku ko huɗu, domin galibi sai ciwo ya ci jiki muke tashi.

Abin da ban taɓa gani ba shi ne a yi karo-karo don ɗalibin da ke binciken ciwon kansa.

Ƙididdigar hukumar IARC, wadda ke birnin Liyon na Faransa, ta nuna cewa kusan mutum 20,000 ne ke kamuwa da ciwon daji a Kamaru kowace shekara, fiye da 12,000 kuma na rasuwa. Na mama da na bakin mahaifa ne a gaba. To amma wannan lissafi kintace ne, an gina shi bisa abin da aka iya rubutawa, kuma rubutun ya fi yawa a kudu. Mu nan arewa muna da namu nauyin. Ciwon hanta nau'in B ya yi mana katutu fiye da yawancin sassan ƙasar, ga shi sai a 2005 aka shigar da rigakafinsa cikin allurar jarirai, wato galibin magidantan da ke karanta wannan an haife su kafin nan. Ga kuma gyaɗa da masara, abincinmu da jarinmu, waɗanda in suka yi fumfuna a rumbu sukan haifar da gubar afalatoksin. Idan gubar nan ta haɗu da ƙwayar ciwon hanta a jiki ɗaya, haɗarin dajin hanta yakan ninka sau da yawa. Wa zai auna yadda abin yake a Pitowa da Gidar da Lagdo, in ba ɗanmu da ya san hanyar kasuwa, yake jin Hausa da Fulfulde ba?

'Yar yayata tana cikin masu wannan aiki. Digirin digirgir take yi, wato doktora, a kan ciwon hanta da abin da yake rikiɗewa ya zama. Shekarun baya aka karɓi takardarta a wani taro a Turai, wata gidauniya ta can kuma ta yi mata alkawarin tallafin tafiya. Muka yi murna, har aka yi guɗa. Sai da ta karanta sharuɗɗan muka gane cewa a wurin mutanen nan tafiya tana farawa ne daga filin jirgin Yawunde. Kilomita kusan 280 na mota zuwa Ngaundare, da kwana guda cikin jirgin ƙasa mai cin fiye da kilomita 600, da zuwa neman biza da zaman jiranta a garin da ba naka ba, duk babu su a lissafi. Kuɗin bizar kaɗai yanzu yuro 90 ne, kusan sefa 59,000, kuma in an hana ka ba a mayarwa. Babban ƙullin ma shi ne: sai ka kashe naka, ka dawo, ka aika rasit, sannan a biya ka. Tsari ne da aka yanka wa ɗalibin da ke da albashi da katin banki, aka miƙa wa yarinyar da kuɗin littafi ma sai an yi shawara a gida.

Uwarta ce ta roƙi matan adashinsu suka ba ta kwasar da ba tata ba. Da haka ta tafi. Ta dawo da abin da intanet ba ya bayarwa: wata malama ta tsaya gaban allon aikinta, ta yi mata tambayoyi, daga ƙarshe ta yarda a aika mata samfurin jini a yi gwajin da babu na'urarsa a nan. Abokiyar karatunta, wadda aka karɓi tata takardar a shekara ta gaba, ba ta da uwa mai adashi. Ba ta je ba.

Wanda ke ganin kuɗin tafiya yawon buɗe ido ne, ya dubi tarihin wani daji da ke kumbura muƙamuƙin yara, wanda har yau ake jinyarsa a asibitocin Kamaru. Likitan tiyata Denis Burkitt ya bayyana shi a 1958 yana aiki a Kampala ta Yuganda. A 1961, shi da abokansa likitoci biyu suka shiga wata tsohuwar mota ƙirar Ford, suka yi makonni goma suna tafiyar mil 10,000, suna tsayawa asibiti bayan asibiti suna tambaya ko ana ganin ciwon. Duk abin da suka kashe bai kai fam dubu ba. Daga nan aka gane cewa ciwon yana bin wurare masu zafi da damshi, inda zazzaɓin cizon sauro ya yi kaka-gida. A shekarar dai Burkitt ya yi lacca a Landan, wani mai bincike, Anthony Epstein, ya zauna ya saurara, ya nemi a riƙa aiko masa da samfuri ta jirgin sama. A 1964 aka gano ƙwayar cutar farko da aka danganta da daji a jikin ɗan Adam. Sunanta Epstein-Barr, ita Yvonne Barr ɗin kuwa ɗalibar doktora ce a lokacin.

Ba wai ƙofofi babu ba ne. Ƙungiyar UICC da ke Janiba tana ba da tallafin zuwa koyon aiki na kamar wata guda, har da kaso na ƙasashen Afirka masu Faransanci. Ƙungiyar AORTIC ta masu binciken daji a Afirka tana taro duk shekara biyu, na 2023 a Dakar aka yi shi. Nan gida kuma, tun 2022 Garwa ta sami jami'arta mai tsangayar likitanci, ga reshen Cibiyar Pasteur da ya daɗe a garin. Ɗalibai za su ƙaru, takardunsu za a karɓa. Inda ake faɗuwa shi ne tsakanin tashar motar Garwa da ƙofar jirgi, da kuma 'yan watannin da ake jira kafin a maido da abin da aka kashe.

Wannan gibi bai fi ƙarfin 'yan kasuwarmu ba. Asusu ne ƙarami, a hannun dattawa uku masu amana, da zai ranta wa ɗalibi kuɗin tikiti da biza, ya biya ranar da gidauniya ta biya shi, kuɗin ya koma ga na baya. Kuɗin mota da masauki kuma a bar masa kyauta, kamar yadda ake bar wa mara lafiya. Na kawo maganar a zauren wani Alhaji da ba ya ƙin taimako. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "Malam, ita yarinyar, lafiyarta ƙalau ko?" Na ce ƙalau. Ya ce to a bari sai bayan girbin gyaɗa a sake zama.