Na'urar GPS da Iyakokin Gonakinmu

Na daɗe ina koya wa ɗalibaina auna gonaki da burtali da na'urar GPS ta hannu. Na'urar ba ta dogara da layin waya ba. Saƙo take karɓa daga taurarin ɗan'adam da ke kimanin kilomita 20,000 a sama, kuma da zarar ta samu huɗu daga cikinsu sai ta nuna wa mutum inda yake tsaye. Shi ya sa ko a watan Satumba na 2021, da aka katse layukan sadarwa a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, aikinta bai tsaya ba.

Sai dai tun kafin daren 11 ga Disamba 2020, da aka sace ɗalibai sama da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, manoman yankin suke ta barin gonakinsu. Gonar da ta shekara biyar ba a noma ta ba, ciyawa kan shafe iyakarta. Dattawan da suka san wace tsamiya ce ta raba gonar wane da ta wane kuwa suna gudun hijira, wasunsu sun riga mu gidan gaskiya.

Tsorona shi ne ranar komawa gida ta zama mafarin sabuwar rigima. Don haka nake roƙon jami'o'inmu da masarautu su fara da ƙauyukan da ake iya shiga yanzu: dattijo ya nuna iyaka, ɗalibi ya ɗauki lambobinta, dagaci ya shaida, a ajiye a rubuce.